Saurar Inno

Yau kwana talatin da ɗaya ke nan da ruwa ya ci gidanmu. Muna Rabah, gidan ɗiyar ƙanen kakata, an ba mu ɗaki ɗaya ni da ita. Kakar tawa, wadda muke kira Inno, tana kwance da karyayyen ƙugu. Mai ɗori ya zo sau uku, ya ce ƙashin tsofaffi sai haƙuri. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu. Akwai wata magana da na yi shekara biyu ina riƙe da ita a baki, ban gaya mata ba sai shekaranjiya. Ina son in rubuta yadda anka yi tun ban fara gyara wa kaina labarin ba. Amma in zan faɗa daidai, sai na koma bakin wutar Inno.

Tungarmu tana ƙasan Wurno, gida tara ne kacal, tsakanin tudu da fadama. In ka tsaya ƙofar gidanmu ka ɗaga kai, kana hango tsohuwar ganuwa can bisa, da kawunan soraye a bayanta. Daga ganuwar zuwa bayan katangarmu gangare ne mai faɗi, kuma mafi yawan gangaren nan na Inno ne, gadon ubanta. Ba ta taɓa nome shi duka a shekara ɗaya ba. Sai ta sa a noma gefen yamma shekara huɗu, gero da wake, in ta ga zangarniya ta fara ƙanƙancewa ta ce ƙasa ta gaji, a koma gefen gabas. Wanda anka bari shi ne saura. Gamba ta fito har ta fi mutum tsawo, sabara da geza da kalgo su cika wurin, gawo da ƙirya kuwa dama suna nan tun kafin a haifi Inno. Da kaka Fulani su sauka, shanunsu su bar taki. In wani ya ce mata, "Inno, ga fili kin bari banza," sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai in ka kwanta barci, banza ka zama? Saura ta. Barci takai, ƙyale ta."

Babana ya rasu ina goye, mahaifiyata ta yi wani aure a Goronyo, saboda haka a ɗakin Inno na buɗe ido. Daga saurar nan itacen wutarmu ke fitowa. Lokacin ɗari, in an idar da sallar lisha, sai ta hura wuta cikin wani fasasshen kasko a tsakar ɗaki. Yaran tunga mu taru, mu bakwai ko takwas, kowa da abin da ya ɓoyo cikin zane ko aljihu, wani gyaɗa, wani muruci, wani guntun rogo. Hayaƙin sabara yana da ƙamshin da har yau in na ji shi sai barci ya kama ni. Ita kuwa tana zaune ta miƙe ƙafa, tana kaɗi, mazari na juyawa cikin 'yar tasa, farin alli a yatsunta. Ba ta taɓa fara tatsuniya ba tare da ta ja mana rai ba.

"Yau bakina ya tahi kasuwar Gandi, bai dawo ba."

"Haba Inno, don Allah!"

"Don Allah mi? Wa ya share mani ɗaki? Ba kowa. Wa ya ɗebo mani ruwa? Kulu, rabin tulu. Rabin ta shayar da hanya, hanya na godiya."

Sai a yi ta yi mini dariya, ni ina turo baki. In ta ga mun kusa kuka, sai ta lashi yatsa ta murza zare ta ce, "To ga ta nan tahe, ƙahwarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta wanke ta shigo!"

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda ta fi yi mana ita ce ta tabarma. Wai an yi wani daji, itatuwa da namun dawa suna zaune lafiya, tsohuwar kuka ita ce babbarsu. Ruwan sama kuwa ɗan'uwansu ne mai fatauci. Duk shekara in ya dawo, gidan saiwoyi yake sauka, kowace saiwa ta ba shi ɗaki, ya kwana, ya huta, sannan ya gangara fadama a hankali yana gaishe da mutane. Ran nan sai ga wani matafiyi da 'yar tabarma a hammata. Ya yi sallama ya ce ba ya neman komai sai inda zai shimfiɗa ta. Kuka ta ce a kira kurege, tunda cikin saiwarta anka haife shi, ya auna tabarmar. Kurege ya auna da wutsiya, wutsiya uku. Anka ce wannan ai ba komai, ya shimfiɗa.

Ashe tabarmar girma take yi. Kowane dare ta ƙara taki ɗaya ta kowane gefe, kuma duk abin da ta hau sai ya mutu. Matafiyi kuwa kullum sai ya zuba wa kurege gyaɗa a bakin rami. Ciyawa ta kai ƙara wurin kuka, anka kira kurege ya sāke awo. A nan ne Inno ke ajiye mazari, ta matse hanci, ta yi wata 'yar murya.

"Wutsiya uku ta, Iya, kamar jiya."

Mu kuma mu yi ihu, "Ƙarya kakai!"

Haka sabara ta tafi, kalgo ya tafi, zomo da fakara sunka yi hijira. Har ran da kuka ta ji abu na taɓa mata ƙafa. Ta ce, "Kurege, wagga tabarma da nika ji a ƙahwata fa?" Ya ce, "Tsuhwa ta, Iya, jikinki ka yi maki gardama." Kuka ta faɗi. Da damina ta zo, ruwa ya sauko da kayansa, ya yi sallama, ba amsa. Ya sāke yi. Ya ce ina masu masaukina? Ya nemi ƙofa ya shiga ƙasa, ko'ina tabarma, santsi kawai. Sai ransa ya ɓaci, ya kwasa da gudu ya yi gangare. Abin da ya tarar can ƙasa gidan tururuwa ne, waɗanda ba su taɓa ganin matafiyi ba, ba su ci gyaɗar kowa ba. Ya kwashe su duka.

Nan take tsayawa, ta ɗauki mazarinta. Kullum sai ɗayanmu ya tambaya.

"Inno, kurege fa?"

"Kurege shina bisa tabarma, ya yi kumatu."

"A'a! Ba haka aka ƙarewa ba! Sai an kama shi!"

"To ku ƙare ta da kanku. Tawa ta koma inda ta hito, da lakarta da komi. Ku tashi, kun cika mani ɗaki da tusa."

Mukan fita muna gardama. Wani ya ce shaho ya sure kurege, wani ya ce gyaɗar ta shaƙe shi. Ni ce na fi kowa zafi. Na taɓa yin kuka sosai a kan tururuwan nan, har Inno ta ba ni ƙanzon tuwo don in yi shiru.

Wani lokaci muna cikin tatsuniya Bappa Ummaru yake shigowa. Shi ne ƙanen babana, ɗan Inno na ƙarshe, kuma shi kaɗai ya rage mata namiji. A gari yake aiki, yana jan sarƙa wa masu awon ƙasa, yana da keke. Ya leƙo ya ce, "Inno, har yau tabarmar ga ba ta cinye dajin ba?" Ya watsa mana alewa, mu yi ta wawaso. Ba ni da wanda nake so kamarsa. Da anka zo neman 'yan matan da za a kai makarantar kwana a birnin Sakkwato, iyaye na ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, shi ya zauna ya lallashi Inno kwana uku har ta yarda. Shi ya ɗauke ni a keke zuwa bakin hanyar mota. Shi ya saya mini alƙalamina na farko. Duk hutu in na dawo sai ya sa in yi masa Turanci gaban abokansa, ya riƙa cewa, "Ku ji ɗiyata, Bature ma sai ya ce ta sāke hwaɗi."

Ina aji na kusa da ƙarshe lokacin da gari ya fara tsallako ganuwa. An gyara hanyar mota, an gina sito na sayen shinkafa da auduga, baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa sunka yi yawa, cikin ganuwa ba wurin gini. Kowa na maganar mulkin kai da ke tafe, da yadda garuruwa za su zama. A wannan hutun ne Bappa ya zo da farar takarda da tawada, da hantsi, muna tsakar gida Inno na tankaɗe. Ya ce ana rarraba filaye bayan ganuwa, kuma duk wanda bai kai bayanin ƙasarsa a rubuce ba, ana iya haɗawa da tasa. Akawun ofishin awo mutumin Kudu ne, Hausarsa ta ciniki ce kawai, saboda haka gara a rubuta da Turanci. A lokacin gefen gabas ne ke hutawa, shekararsa uku, kuma shi ne ke daidai saman tungarmu.

"Ga mu da malama a gida," in ji shi, "mi za mu nema waje?"

Inno ta ce, "Rubuta musu, Kulu. Ki ce gangaren ga nawa na, gadon ubana. Yamma gona, gabas saura."

Na zauna na gyara zama, ina jin kaina ya yi girma. Na rubuta sunanta, na rubuta gado, na rubuta gona. Da na zo kan saura sai alƙalami ya tsaya. Shekara shida ina koyon Turanci, na san sunan kogunan ƙasar Turawa, amma ba a taɓa koya mini yadda ake cewa gona tana hutawa ba. Saura ɗaya na sani da Turanci, ita ce ta darasin lissafi, in an raba bakwai gida biyu a ce uku saura ɗaya. Na yi ƙasa da murya don kada Inno ta ji na kāsa.

"Bappa, ban san Turancin saura ba, sai ta lissafi."

"Ita mi take nuhi?"

"Abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki rabonai."

Ina iya tuna fuskarsa sarai, domin na sha juya ta a raina. Ya dubi takardar, ya dubi bayan Inno, sannan ya yi murmushi.

"Ita za ki sa. Duk ɗaya na."

Na sa. Na karanta wa Inno da Hausa, na ce saura inda na rubuta waccan kalma, ta gyaɗa kai. Bappa ya shafa mata tawada a babban yatsa, ta dangwala, tana dariya tana cewa yau ita ma ta yi boko.

Ina makaranta anka kafa turakun awo a saurar. Da na dawo hutu na gaba, gefen gabas ba gamba ko ɗaya. Inno ta ce ta aiki Bappa ya kai kuka, ya dawo ya ce Bature ya riga ya sa hannu, ba a ja da su. Ta ce mini, "Ke kin rubuta gaskiya, Kulu, su sunka murɗe ta. Allah shina gani." Ni ma haka na ɗauka. Sai a zangon ƙarshe, a darasin noma, malamarmu ta rubuta wata kalma a allo ta ce wannan ita ce gonar da anka bari ta huta. Ashe suna da ita. Kalma ce 'yar gajeruwa, ko jariri ya faɗe ta. Da anka tashi na bi malamar na tambaye ta, in mutum ya kira fili da waccan kalma ta lissafi fa? Ta yi dariya ta ce ai ya ce ragowa ne ke nan, wanda ba mai bukata. Ranar ban ci abinci ba.

Da na gama makaranta na sami Bappa a wurin gini. Nasa filin yana kan kwana, mai fuska biyu, mafi kyau a layin, daidai inda babban gawon Inno yake a da. Magina na cuɗa ƙasa. Na ce ina son magana da shi, munka matsa gefe.

"Bappa, ka san abin da kalmar nan za ta yi?"

"Wace kalma? Ni ban ji Turanci."

"Na gaya maka ma'anarta. Ka ce duk ɗaya."

Ya kakkaɓe ƙasa daga hannun rigarsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kulu, hannun wa yar rubuta takardar ga? Nawa? Gari zuwa shikai, da takarda da ba takarda. In ban karɓa ba wani ya karɓa. Ki tahi ki gaya ma tsohuwa ɗiyar da ta goya ita ta ba da gadon ubanta, in kina son ki kashe ta. Ni dai ba ruwana."

Na dawo gida na yi shiru. Shiru na shekara biyu.

A cikin shekara biyun nan na ga abin da ban taɓa tsammani ba. An sare gawo da ƙirya, motoci sunka kwashe itacen zuwa birni, don can ma gidaje sun yi yawa, kowa na neman na girki. Giginyun bakin fadama sunka bi baya, anka tsaga su azara. Magina sunka haƙa ramuka uku a gangaren suna buga tubali. Gidaje sunka jeru layi-layi, wasu da rufin kwano, kuma duk indararonsu ƙasa yake kallo, wajenmu. Hanyar da anka fitar tsakanin layukan ta miƙe sak daga ganuwa zuwa bayan katangarmu, ƙafa da kofato sunka daddaɓe ta kamar daɓen ɗaki. Fulani sunka daina sauka. Fakara da muke ji da asuba ta yi shiru. Rijiyarmu, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba, ta fara ba da laka tun kafin bazara, da damina kuma ta yi wari, don sharar sabuwar unguwa da ruwan masai duk wajenta suke gangarowa. Itacen wuta sai saye. Inno ta daina hura kasko, ta ce ba ta saye da kuɗinta abin da ke tsirowa a bayan ɗakinta. Yara sunka zo dare biyu uku, sunka ga ba wuta, sunka daina.

Daminar farko ruwa ya tsaga wani ɗan kwari a bakin hanyar, zurfinsa iya gwiwa. Mazan tunga sunka cika shi da kara da duwatsu. Sun je sun yi magana a gari, anka ce za a duba.

Bana, cikin malka, ran wata Talata bayan la'asar, anka fara ruwa. Ba wai ya fi na kowace shekara ba ne, mun ga wanda ya fi shi. Ina madafi ina rufe itace da tsohuwar tabarma, Inno na ɗaki. Sai na ji wata ƙara daga tudu, kamar garken shanu sun tsorata. Na leƙa ta saman katanga. Hanyar nan ta zama gulbi, ja wur, yana tafe da tubali da kara da shara. Ramukan magina sun cika sun fashe lokaci ɗaya. Ban kai ga buɗe baki ba katangar baya ta kwanta. Na ga rumbunmu ya juya sau ɗaya kamar mai rawa, ya zube. Awakinmu huɗu suna ɗaure a turke, ina jin kukansu, sannan na daina ji.

Na shiga ɗaki ruwa na iya cinyata. Inno ta hau gado tana riƙe da kwandon audugarta. Na ce ta hau bayana, ta ce in fita in bar ta, na ce wallahi ba ni fita. Na goye ta da ƙarfi, muna bakin ƙofa bangon ɗakin ya faɗo, ya same ta a ƙugu, ya jefar da mu duka. Na riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun na rungumi turmi da ya maƙale a ƙofar zaure. Ruwa na shiga mini baki, ƙasa na cika mini ido. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai ina kiran sunan Allah, Inno kuma ba ta cewa komai, har na ɗauka gawa nake riƙe da ita. Maƙwabta sunka jawo mu da igiyar rijiya. Gida biyar cikin tara sun tafi. Inda tsakar gidanmu take yanzu kwazazzabo ne, mutum na tsaye ciki ba a ganin kansa. Gonar yamma ma yashi ya binne rabinta, da geron da ya fara fitar da kai.

A sabuwar unguwa ko kaza ba ta mutu a cikin gida ba. Washegari Bappa ya sauko da takalman roba, ya yi salati, ya yi hawaye, ya ce ya gyara wa Inno ɗaki a gidansa, mai siminti. Ta ce tana jin kunyar ta kwanta bisa inda take shuka, a kai ta Rabah. Ta yi masa addu'a, ta ce Allah ya yi masa albarka da ya tuna da ita. Ina tsaye ina ji.

A kwanakin nan da nake zaune gefen gadonta, na yi ta tunanin tatsuniyar nan da dalilin da ya sa ba ta taɓa yarda ta gyara ƙarshenta ba. Muna yara mun ɗauka rowa ce, ko tsokana. Yanzu na ga ba ta son ta yi mana ƙarya ne. Ruwa bai san mai laifi ba, gangare kawai ya sani. Abin da ban gane ba shi ne inda zan sa kaina a ciki. Da can na tabbata ni tururuwa ce. A makaranta kuma an koya mana cewa gari ci gaba ne, daji koma baya, kuma na yarda, na ci jarrabawa da shi. Ban ce kada a gina gidaje ba, mutane sai sun sami wurin kwana. Amma ba wanda ya tsaya ya tambayi mi gangaren nan ke yi kafin a hau shi. An ga ba a noma shi, anka ce ba ya aikin komai. Kuma da hannuna anka faɗa.

Shekaranjiya da hantsi ina shafa mata man shanu a ƙafa, sai ta ce in ta warke za mu koma Wurno, in sāke rubuta takarda, wannan karon a kai wa babban Bature, tunda tawa ta farko gaskiya ce. Ta ce, "Hannunki na da albarka, Kulu." Na kāsa daurewa. Na ajiye kwanon man na gaya mata duka, tun daga alƙalamin da ya tsaya, da kalmar lissafi, da abin da na tambayi Bappa da abin da ya ce, da maganarmu a wurin gini. Ina faɗa ina kuka, ina jiran ta janye ƙafarta daga hannuna.

Ba ta janye ba. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Kin gaya mishi ma'anarta?"

"Na gaya mishi, Inno."

"Da bakinmu? Da Hausa?"

"Da Hausa."

"Yac ce duk ɗaya."

"I."

Ta rufe ido. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ke an ba ki rabin baki, kin yi magana da rabi. Laihinki shirun da kinka yi, shi ko za mu yi maganarshi in na samu ƙarhi." Can ta ce, ba da ni take ba, "Cikin gambar ga naƙudarshi ta kama ni. Nan anka yanke mishi cibiya. Ya san mi a saura."

Jiya da azahar sai ga Bappa, ya zo a mota daga Wurno da buhun shinkafa da ƙwaryar zuma. Ya yi sallama ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa gefen gado, ya ce, "Inno, ya jiki?" Tun da nake ban taɓa jin ta kira shi da sunan yanka ba, Auta take ce masa, ko a gaban abokan aikinsa, ko da furfura ta fara fito masa. Ta sa hannu ta jawo mayafi ta rufe kanta, yadda take yi in namijin da ba muharraminta ba ya shigo.

"Lahiya lau, Malam Ummaru. An zo lahiya? Ya mutanen gida?"

Ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

"Kulu," in ji Inno, "kawo ma baƙo ruwa. Kada ki tsaishe shi, hanyarshi da nisa."